Jirgin Sojan Ruwa a Kan Yashin Magama

Ranar wata Lahadi ce ta kasuwar Jibiya, cikin bazarar 1974, rana ta take tsaka, ina tsaye bakin shingen iyaka a Magama da farantin ƙuli-ƙuli a kaina, sai muka ji wani gurnani daga hanyar Katsina wanda ba irin na motocin siminti da muka saba ji ba ne. Masu tallan fura suka miƙe, direbobin da ke barci ƙarƙashin motocinsu suka fito suna murza ido, wani Buzu ya riƙe akalar raƙuminsa da hannu biyu. Can sai ga wata doguwar mota tana tafe a hankali, tayoyinta ba su ƙirguwa, an ɗaure mata wani abu ruwan toka a baya da manyan sarƙoƙi. Tsawonsa ya fi ajinmu na makaranta, ƙasansa siriri ne ya ci tsatsa, samansa kuma da ɗan ɗaki, gefensa da ƙananan tagogi zagayayyu. Ba wanda ya san sunansa a cikinmu. Wani ya ce tankin mai ne, wani ya rantse jirgin sama ne aka cire wa fukafukai, wani tsoho Bamaguje da ya kawo kaji daga Bugaje ya zagaya shi ya dawo ya ce ko ma mene ne, wanda ya saye shi ba shi da iyalin ciyarwa. Sai da yaron motar ya diro ya sha ruwa ya goge baki sannan ya raba gardama, ya ce jirgin ruwa ne, na sojan ruwa, daga Legas suka ɗauko shi. Ni kalma biyu kawai na ji, sojan ruwa, farantina ya karkace har ƙuli-ƙuli ya zube a yashi.

Shekarata goma a lokacin, kuma abin da na sani game da mahaifina bai cika tafin hannu ba. Sunansa Haruna. Ya bi fataken goro zuwa Legas yana saurayi, ya yi dako a bakin ruwa, daga nan ya shiga sojan ruwa. Ya zo gida ya yi aure, ya koma, ya sake zuwa sau ɗaya ina rarrafe, sai yaƙin basasa ya tashi. Wata rana wani soja ya yi sallama a ƙofar gidanmu da akwatin ƙarfe, ya ce Allah ya yi wa Haruna rasuwa a bakin aiki, can cikin ruwa, kuma ba a samu kawo shi tudu ba. Ba kabari, ba hoto. Mahaifiyata ta gama takaba ta yi aure a Maraɗi, in ta zo ganina na tambaye ta sai ta ce duka zamansu bai kai damina guda ba, mutum ne mai shiru-shiru. Ƙanensa, Baba Sale, yaro ne ƙarami lokacin da ya bar gida. Maƙwabta kuwa amsarsu ɗaya ce kamar sun haɗa baki: "Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙan shi." To, kowane mamaci a Jibiya mutumin kirki ne. Ni so nake in san dogo ne ko gajere, yana dariya ko ba ya yi, me yake so a miya. Wuri ɗaya nake jin sunansa, bakin malaminmu da safe in ya haɗa shi da nawa yana kiran sunaye, shi ya sa nake amsawa da ƙarfi har 'yan aji na yi mini dariya.

Mutum ɗaya ce ta san shi tun daga tsumman goyo, Iya, kakata da ta riƙe ni, kuma ita ce ba za ta faɗa ba. Ɗanta ne na fari. Yaran yanzu sai an yi musu bayani, amma a wancan zamani uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi gaban mutane, ko da ciwo yake sai dai ta tura wata ta duba shi. Kunya ce, kuma matan da suka riƙe ta ana ganin girmansu. Iya ta riƙe tata fiye da kowa a unguwarmu. Da yana raye "wancan" take ce masa, da ya rasu sai ta daina cewa komai. An ce ranar da sojan nan ya zo ta karɓi gaisuwa, ta ce Allah ya ba mu haƙuri, ta koma ta ci gaba da tankaɗen da take yi. Ni kuwa da yake jika ce, ba ruwanta da kunya a kaina. Muna zagin juna na wasa tun safe har dare, in ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, ta ce mini mai kunnen ƙashi, kuma gaskiyarta ne. Amma da zarar na karkato da zance wajen mahaifina sai fuskarta ta rufe, ta tuna akwai akuyar da ba a ba dusa ba.

Sana'ar Iya man gyaɗa ce da ƙuli-ƙuli, kuma a cikinta na tashi. Da asuba in share tsakar gida, in ɗebo ruwa a rijiyar bayan masallaci, in kunce awaki, sannan in ruga makaranta da allona. In na dawo mu zauna gindin bedi mu ɓare gyaɗa har yatsu su yi ja, Iya ta soya ta a babban kasko tana juyawa da ƙoƙo, mu murje, mu sheƙe ɓawon, mu daka. Wurin matsar mai ne nake son kallonta, ta durƙusa gaban turmi duk da ciwon gwiwar da ke damunta, tana ɗiga ruwan zafi tana juya tunkuza da muciya har mai ya taso ya kwanta a sama. Ni ce mai murza ƙuli-ƙuli, wani zobe, wani ɗan dunƙule, in na ga idonta ya kauce in jefa ɗaya baki. Da bazara kuma Baba Sale ya ja ni gona mu tattara karan bara mu ƙona, mu watsa takin da jakin maƙwabta ya kai, mu yi binne muna duban gabas. Bayan azahar sai talla a bakin iyaka, inda kuɗin man fetur ya sa kowa ya zama mai saye. Motoci jere da siminti da atamfa da kwanon rufi, samari da sababbin babura da rediyo rataye a kafaɗa, jandarmomin Nijar daga can gefe suna miƙo hannu da Hausarsu mai daɗi. A gefe guda kuma ga makiyayan da fari ya koro daga arewa, zaune da ragowar dabbobinsu suna kallon wannan arziki da ido.

Jirgin bai ƙetara ba. Wani attajirin Maraɗi ne ya saye shi a gwanjo bayan sojoji sun gama da shi sun cire bindigarsa, yana nufin ya kai shi kogin Kwara ya riƙa jigilar kaya, amma takardun da ya zo da su ba su cika ba. Mai motar ya gaji da jira, ya kwance kan motarsa ya tafi, ya bar jirgin bisa tirela a kan yashi, gefen wata tsamiya. Attajirin ya bar mai gadi, wani tsohon sojan ruwa mutumin Yawuri, gajere mai furfura da ƙafar baka. Direbobi suka laƙaba masa Kyaftin, shi kuwa kullum yana faɗin gaskiya, cewa shi feraye doya da wanke daɓen jirgi ya yi har ya yi ritaya. Mutum ne da ba ya iya zama hannu sake. Kafin wata ya zagayo ya kankare tsatsa, ya goge ƙararrawar tagulla har tana ɗaukar ido, ya naɗe igiyoyi ya jera, ya sa kafinta ya haɗa masa dogon tsani. Sai ga shi wurin ya zama gidan kallo. Ran kasuwa mutane na yin layi, daga Farfaru, daga Ɗan Isa, har daga Katsina, yana hawa da su kaɗan-kaɗan, yana nuna musu sitiyari da inji da gurbin bindiga da ƙugiyar da ake jefawa jirgi ya tsaya. Da maganar da yake buɗewa da ita kullum, har muka haddace: "Ku tuɓe takalma, wannan tsoho ne, ya yi aikinsa, hutu yake."

Hedimasta ya kwashi 'yan manyan aji ya kai su, maza zalla. Mu mata aka ce mu tsaya mu share filin makaranta mu ba shukoki ruwa, wai tsanin ya yi tsawo, kuma ba a ganin ɗiya mace da zane tana hawa sama gaban direbobi. Na share filin nan ina haɗiye kuka, tsintsiyar ma sai da ta watse. Da mazan suka dawo sai garin ya cika da jirage. Suka bar langa, suka koma feƙe ɓargon kara suna haɗa jiragen wasa da ƙayar aduwa, suna ja a yashi. Wanda bai taɓa ganin ruwan da ya wuce gulbinmu na damina ba sai ka ji yana ba da labarin teku. Mu ma muka sa jirgin a waƙar gaɗa. Amma ni ba wasa nake so ba. Duk wanda ya shiga sai na tsare shi da tambaya, ina suke kwana, ina suke cin abinci, sai ya ce shi wajen bindiga ya duba.

Na sa Kyaftin gaba. Kullum in na zo talla a gindin tsaninsa nake sauke faranti, in gaishe shi, in roƙa, ya ce a'a, in ce to sai gobe. Da na ga zane ne hujjarsu sai na ɗauko tsohon wandon gonar Baba Sale, na roƙe shi ya bar mini, na yanke ƙafafun na ɗaure ƙugun da igiyar rama, na sa a ƙarƙashin zane. Ranar na ɗaga gefen zanen na nuna masa, ya yi dariya har da tari, ya ce me ke cikin jirgin nan da ya hana ni sakat. Na ce babana sojan ruwa ne, kuma bai dawo ba. Dariyar ta tsaya. Ya tambayi sunansa, ya laluba a ransa, sannan ya girgiza kai ya ce teku da faɗi, jirage da yawa, bai san shi ba, ba zai yi mini ƙarya ba. Amma ya ce in jira direbobi su tafi sallar la'asar. Da suka tafi ya riƙe tsanin, na tuɓe takalmana na hau, ban yarda na dubi ƙasa ba.

Cikin jirgin duhu ne da zafi, yana warin tsohon mai da fenti. Muka bi wata ƙaramar ƙofa a daɓe muka sauka, sai ga ɗaki wanda bai kai rumbunmu faɗi ba, da gadajen ƙarfe manne a bango, wani bisa wani, kowanne da ɗan akwati a gefensa da ƙugiyar rataye riga. Kyaftin ya ce ba lalle wannan jirgin babana ya hau ba, amma duk irinsu ɗaya ne, a irin gadon nan ya kwana. Na daɗe ina jiran wannan rana, na ɗauka da na gani zan ji wani abu ya cika. Na zauna a gadon ƙasa, na shafa ƙarfen, na yi ƙoƙarin kwantar da mutum a kai cikin zuciyata, sai na rasa wanda zan kwantar. Ba ni da fuskarsa, ba ni da tsawonsa, ba ni da muryarsa. Na sauko jikina a sanyaye, baƙin cikina ya fi na ranar da aka bar mu shara. A hanyar gida na yanke shawara cewa sai Iya ta shiga ɗakin nan, don ita kaɗai ce za ta dubi gadon ta ga mutum.

Na fara da lallashi. Muna ɓarar gyaɗa ina ba ta labarin jirgi, ƙararrawa, tagogi, ɗan murhun da suke dafa abinci a kai. Na lura in na zo kan gadaje hannunta yakan tsaya a cikin ƙwarya. Da na ce ta zo mu je sai ta ce, "Ni da ke da gyaɗa bisa wuta?" Na sake, ta ce gwiwa. Na ce Baba Sale zai aro jaki, ta ce in na ƙara sai ta fasa mini baki. Tsofaffin unguwarmu duk sun je, wasu har sau biyu, sun tsaya daga ƙasa sun yi salati sun dawo, ita ko hanyar Magama ta daina bi. Na yi fushi da ita sosai, na ɗauka ba ta damu ba ne. Sai wata rana ina wanke kasko abin ya faɗo mini. Kowace tsohuwa a Jibiya tana iya zuwa kallon jirgi, ban da Iya. In aka gan ta a gindinsa garin duka zai san ɗanta na fari ta je nema, kuma kunyar da ta riƙe shekara da shekaru ta zube a rana ɗaya. Ba za ta taɓa zuwa dominsa ba. Amma na tuna bara da zazzaɓi ya kwantar da ni a gidan biki a Farfaru, da ƙafa ta taka da gwiwar nan tata ta je ta goyo ni, ba wanda ya ga laifinta. A kan jika ba kunya.

Ina cikin juya wannan tunani sai labari ya zo cewa attajirin ya haƙura. Ya sayar wa maƙeran Jibiya da na Maraɗi, kuma bayan kasuwa mai zuwa masu walda za su zo da wutarsu su yanyanka shi. Ranar Asabar na tashi na yi aikina duka, shara, ruwa, awaki, don kada a ce gudun aiki nake. Na sa wandona, na ɗauki faranti na nufi Magama tun da hantsi. Na ajiye farantin wajen wata mai fura, na faɗa wa Kyaftin abin da zan yi: zan shiga ɗakin gadaje, kuma ba zan fito ba sai kakata ta zo da kanta ta fitar da ni. Ya dube ni, ya dubi rana, ya ce ƙarfen nan in ya ɗauki zafi ko ƙadangare ba ya zama. Na ce na sani. Bai ce in hau ba, bai ce kar in hau ba, ya dai cika kwalba da ruwa ya miƙo mini, ya je ya riƙe tsani.

Ban taɓa shan zafi irin na ranar ba. Kyaftin ya buɗe ƙananan tagogin, amma iskar da ke shigowa kamar daga bakin murhu take. Gumi ya jiƙa rigata, bangon ya gagari taɓawa, kaina ya fara sarawa, na riƙa kurɓar ruwan nan kaɗan-kaɗan ina karanta duk surar da na iya. Bayan azahar labari ya kai gida, Baba Sale ya zo a keke yana huci, ya leƙo ta ƙofar daɓe ya ce in fito kafin ya ƙirga uku. Na rungume ƙafar gado da hannu biyu na ce Iya nake jira. Ya sauko zai finciko ni, Kyaftin ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Maigida, ba a kokawa cikin jirgi. Je ka kira wadda ta ce." Baba Sale ya tsaya yana kallona, ya kalli gadajen, ya juya ya fita. Ni kuma na zauna da tsoro biyu, kar ta ƙi zuwa, kar kuma ta zo ta faɗo daga tsani in zama ni na kashe ta.

Da la'asar na ji hayaniya. Na manna ido a taga, sai ga Iya bisa jakin maƙwabta, ta yafa mayafinta na zuwa gaisuwa, da tsumagiyar bedi a hannu, Baba Sale na ja. Tun daga nesa take faɗa don kowa ya ji: "Ina take, mai kunnen ƙashin? Ni ba kallo na zo ba, ku ba ni hanya, ɗiyar mutane na zo kamawa!" Mutanen wurin sun san ko ita wace ce, sun kuma san abin da suke gani, amma ba wanda ya nuna. Direbobi suka juya baya, wani ya shiga duba tayar da ba abin da ya same ta. Masu tallan fura suka kewaye gindin tsanin da zannuwansu. Ta soke tsumagiyar a ƙugu ta kama hawa, Baba Sale na bayanta, tana ɗaga ƙafa ɗaya ta jawo ɗayar, tana hutawa tana zagina, tana kuma hawa. Ina jin numfashinta tun kafin in ga ƙafafunta a ƙofar daɓe.

Ta sauko cikin ɗakin ta tsaya har idonta ya saba da duhu. Na rufe kai ina jiran duka, ban ji ba. Da na ɗago sai na ga ba ni take kallo ba. "Malam, nan suke kwana?" ta tambayi Kyaftin. Ya ce, "Irin nan, Iya, kowa da nashi," ya koma sama ya ja Baba Sale suka bar mu. Iya ta ajiye tsumagiya, ta sa gwiwar hannu a kan gado ta auna shi da kamu, kamar yadda take auna ƙyallen sawaye a kasuwa, ta kai ƙarshe ta sake aunawa. Sai ta girgiza kai. "Bai isa ba," ta ce, ba da ni take ba, da bango take. "Ƙahwahu waje ke nan. Tun shina goye ƙahwahunshi ke dukan bayan gwiwata. Tabarma ba ta taɓa isar shi ba, kullum diddige ƙasa." Ta zauna a bakin gadon, ta ɗora tafin hannu inda kai ke kwanciya. "Kuma ruwa. Yaron da in gulbi ya kawo sai ya ɓoye bayan rumbu, har ya yi wayo ni ke goya shi in ƙetare, mutane na dariya. Mi ya kai shi, ni ban sani ba."

Na ƙi ko motsi don kada ta tuna ina wurin. Ta ci gaba a hankali, guntu-guntu. Ba ya son kuka a miya, sai kuɓewa. In zai yi dariya sai ya rufe baki da hannu saboda wushirya. Ya ce in ya dawo zai sa mata kwano a ɗaki. "Da hagu yake miƙa hannu ga akushi," ta ce, "na buge hannun nan har na gaji. Da na san kwanan da ya rage mashi, da na ƙyale shi." Ni ma bahaguwa ce. A makaranta na sha rula a kan haka, a gidan biki na sha harara, amma Iya ba ta taɓa buge mini hannu ba, sai dai ta tura mini akushi wajen dama. Ranar na san dalili, kuka ya ƙwace mini. Ita ba ta yi ba, ta dai sa gefen mayafi ta share fuska ta ce zufa ce. Ba ta kira sunansa ba, har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta kira ba, amma a yinin nan ta ba ni uba mai tsawo da wushirya da tsoron ruwa, kuma na ji daɗin da ban san yadda zan faɗe shi ba.

Da muka fito sama sai ta tuna da jama'a. Ta zaro tsumagiya ta shauɗa mini sau ɗaya a baya, mai zafi kuwa, ta ɗaga murya ta ce gobe ma in sake. Mata suka yi ta ba ta haƙuri, suna cewa yaran zamani sai addu'a, ita tana karɓa da fuska a ɗaure. Da aka sauko da ita ta tsaya gaban Kyaftin ta ce Allah ya yi masa albarka, ya sunkuya har ƙasa ya amsa. Ta hau jaki, ta ce in hau bayanta tunda na ƙi cin abinci tun safe, na riƙe ƙugunta har gida. Bayan kasuwa masu walda suka zo. Na ƙi zuwa kallo. Damina ta sauka, maƙera suka yi ta fitar da garemani da fartanyoyi da kasake daga ƙarfen, Kyaftin ya koma Yawuri, tirelar ma wani ya zo ya ja ta.

Yanzu na tsufa, na yi ritaya daga koyarwa, gwiwar Iya ta dawo jikina. Matan yau suna kiran 'ya'yansu na fari da suna, suna sumbatarsu gaban kowa, kuma ban ga laifinsu ba, ko da yake ni nawa har yau sai na yi da gaske bakina ke furta sunansa. Shi ne ya kai ni da jikokina wani gidan tarihi a kudu, inda aka girke tsohon jirgin yaƙi a kan tudu, an yi masa fenti, an gina masa matakala ta siminti mai abin riƙewa, mata da maza na hawa ba mai hana su. Ma'aikacin wurin ya ce a wasu ƙasashe har jiragen da ke nutsewa ƙarƙashin teku ake ajiyewa haka mutane su shiga. Na yi murna da ba a yanka wannan ba, na kuma yi kewar wancan da ba wanda ya ajiye ko ƙararrawarsa. Yara suka ruga wajen bindigogi suna ɗaukar hoto da waya, ni na lallaba na sauka ƙasa neman ɗakin kwana. Na tarar da wata tsohuwa a ciki ita kaɗai, ba Bahaushiya ba ce, ta ɗora hannu a kan gado tana tsaye shiru. Jikokina suka biyo ni da surutu, na tare su a ƙofa na mai da su sama, muka jira har ta fito. Na san ba jirgi ta zo gani ba.